YADDA ZA MU CETO TSOFAFFIN HOTUNANMU: BAYANI A KAN SHIGAR DA DODON HOTO DA HOTON MAJIGI CIKIN KWAMFUTA

GABATARWA

A gidaje da dama na wannan jiha tamu, da fadojin sarakuna da hakimai, da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da tsofaffin makarantu da asibitoci, akwai adaka ko kwali ko durowa da aka daɗe ba a buɗe ba. Idan aka buɗe, akan tarar da waɗansu siraran robobi masu duhu, wasu a naɗe, wasu a yayyanke cikin ambulan, wasu kuma an ɗaura su cikin ƙananan kwalaye masu taga a tsakiya. Sau da yawa wanda ya ci karo da su yakan ɗauka tarkace ne, ya ba yara su yi wasa, ko ya haɗa su da shara ya ƙone. Alhali kuwa waɗannan abubuwa su ne asalin hotunan da iyaye da kakanninmu suka ɗauka, kuma wani lokaci su kaɗai ne shaidar da ta rage ta kamannin wani bawan Allah, ko ta yadda wani gari yake kafin a yi masa titi.

Mun shirya wannan bayani domin mazauna karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya. Manufarmu ita ce mu fayyace abin da waɗannan kayayyaki suke, da abin da ke lalata su, da yadda ake kwafe su zuwa kwamfuta. Akwai kuma abin da muke so a riƙe tun daga farko: abu biyu ne ke ƙarewa a lokaci guda. Fim ɗin yana lalacewa a cikin adaka, dattawan da za su iya gane fuskokin da ke cikinsa kuma suna yi mana nisa ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ya ceci hoto ya bar bayaninsa, rabin aiki ne.

MENE NE DODON HOTO, MENE NE HOTON MAJIGI?

Kafin zuwan kyamarar zamani da wayar hannu, mai hoto yakan sa fim a cikin kyamararsa. Idan ya gama ɗauka sai ya wanke fim ɗin da sinadarai a ɗaki mai duhu. Abin da ke fitowa shi ne dodon hoto, wanda masu sana'ar ke kira nagatif. A jikinsa komai a juye yake: farar riga takan fito baƙa, baƙin gashi kuma fari, kuma wannan kama mai ban tsoro ce ta jawo masa sunan dodo. Daga gare shi ake buga hoto a takarda, sau nawa aka ga dama. Saboda haka hoton takarda ɗa ne, dodon hoto shi ne uwa, kuma yawanci ya fi na takardar ƙunsar ƙananan abubuwa, kamar rubutun jikin allo ko lambar mota.

Shi kuwa hoton majigi, wanda ake kira silaid, fim ne da ke fitowa da launinsa na gaskiya ba a juye ba. Akan yanka shi ɗai-ɗai a sa cikin firam na kwali ko na roba mai faɗin santimita 5 ta kowane gefe, sa'an nan a haska shi a bango da na'ura. Malaman gona da jami'an lafiya da malaman kwalejojin horar da malamai sun yi amfani da shi ƙwarai wajen koyarwa. Abin lura a nan shi ne hoton majigi ba shi da dodo. Shi kansa ne fim ɗin da ya shiga kyamara, don haka in ya lalace ba shi da madadi.

Fim ɗin da ya fi yawa shi ne mai faɗin milimita 35, wanda kowane hoto a jikinsa yake da faɗin milimita 24 da tsawon milimita 36, kuma naɗi ɗaya yakan ɗauki hoto 24 ko 36. Tsofaffin shagunan hoto sun yi aiki da wanda ya fi wannan girma, mai santimita 6 ta kowane gefe. Wanda ya fi kowanne tsufa shi ne na farantin gilashi, kuma har yanzu akan ci karo da shi jefi-jefi.

ABIN DA KE CIKINSU DA INDA AKE SAMUN SU

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A cikin irin waɗannan finafinai ake samun naɗin sarauta, da hawan salla, da buɗe makarantar firamare ta farko a gari, da haƙa rijiyar burtsatse, da cin kasuwa, da awon gyaɗa da auduga, da tashin alhazai. Akwai gine-ginen ƙasa da ganuwa da ƙofofi waɗanda yau babu su. Manyan bukukuwa irin su hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da bikin samun mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, da hawan daba na FESTAC a 1977, duk an ɗauke su a fim, kuma mahaya daga masarautu da dama sun halarta.

Wuraren da ya kamata a duba sun haɗa da sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma, da sashen gona, da ofisoshin da suka gaji kayan tsohuwar En'e bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, da ɗakunan ajiya na makarantu. Duk lokacin da aka ƙirƙiro sababbin jihohi, kamar a 1967 da 1976 da 1987 da 1991 da 1996, an yi ta kwasar kaya daga wannan ofis zuwa wancan, don haka ana iya samun hotunan wani gari a wani garin dabam. Babbar taska kuma tana hannun iyalan tsofaffin masu hoto. Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, daga baya kuma masu kyamara suka yawaita, sana'ar wankin hoto ta ja baya, shaguna da yawa suka rufe, finafinan da suka tara shekara da shekaru suka koma zaure ko ɗakin shirgi.

ABUBUWAN DA KE LALATA FIM

Fim hawa biyu ne. Akwai robar da ke ɗauke da shi, akwai kuma siririn shafe a gefe ɗaya wanda a cikinsa hoton yake. Gefen shafen ba ya sheƙi kamar ɗayan. Ana yin shafen da wani abu mai yauƙi da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a gauraya shi da sinadarin azurfa, ko da rini kala uku idan fim ɗin mai launi ne. Kowane hawa yana da cutarsa.

Na farko, zafi da laima. Masana adana kayan tarihi sun fi so a ajiye fim a wuri mai sanyi, ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, da danshin iska na kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Mu kuwa a nan, da bazara zafi yakan haura digiri 40, kuma cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka. Da damina kuma laima takan yi yawa, idan ta wuce kashi 65 cikin ɗari sai fumfuna ta kama shafen, domin abincinta ne. Inda fumfuna ta ci, hoton wurin ya tafi ke nan.

Na biyu, cutar tsami. Yawancin finafinan da aka yi bayan 1950 an yi su da wata roba mai suna asitet. Idan ta tsufa cikin zafi da laima takan fara fitar da wari mai tsami irin na ruwan khal, daga nan ta motse, ta kanannaɗe, shafen ya yamutse ya rabu da ita. Daga Indiya, inda yanayi yake da zafi da laima, aka fara kai rahoton wannan cuta. Ba ta da magani, kuma tururin da mai cutar ke fitarwa yana gaggauta lalacewar na kusa da shi.

Na uku, hatsarin wuta. Finafinan da aka yi kafin farkon shekarun 1950 da yawansu na naitiret ne, wanda ke kamawa da wuta cikin sauƙi, kuma in ya kama ruwa ba ya kashe shi yadda ya kamata. A duba gefen fim: in an ga an rubuta NITRATE, a yi hattara, in an ga SAFETY, ba shi ba ne. Duk fim ɗin zamanin Turawa da ba shi da rubutu, a ɗauke shi a matsayin mai hatsari, a nisanta shi da madafa da janareta da fitilar kananzir, kada kuma a toshe shi a mazubin da iska ba ta shiga.

Na huɗu, koɗewar launi. Rinin da ke cikin fim mai launi ba ya koɗewa daidai wa daida, shi ya sa tsofaffin hotunan majigi da yawa suka koma ja-ja. Nau'in Kodachrome, wanda ya fito a 1935 aka daina yin sa a 2009, ya fi sauran riƙe launi muddin yana cikin duhu, amma shi ma yawan haska shi a majigi yana cin sa.

Na biyar, ƙurar hunturu wadda ke kankare shafe, da gara, da kyankyaso, da ɓera, da ambaliyar ruwa irin wadda aka gani a sassa da dama na ƙasar nan a 2012 da 2022, da kuma a Maiduguri a watan Satumba na 2024.

MATAKIN FARKO: TANTANCEWA DA TSABTACEWA

Kafin a kunna kowace na'ura, a fara da tantancewa. A shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tebur, a ɗakin da iska ke shiga amma ba ƙura. A wanke hannu a busar da shi sarai, in da hali a sa safar hannu, a riƙa kama fim ta gefe kawai, domin shatin yatsa yana zama a jikin shafe.

A raba kayan gida uku. Kashi na farko masu warin tsami da masu fumfuna da waɗanda ake zaton na naitiret ne: a ware su dabam, kuma su za a fara kwafewa domin su ne ba za su jira ba. Kashi na biyu masu launi da suka fara koɗewa. Kashi na uku masu lafiya. Duk da wannan rabo, kada a hargitsa tsarin da aka tarar da su. Idan mai hoto ya haɗa waɗansu cikin ambulan ɗaya ya yi rubutu a bayanta, wannan rubutun daraja gare shi kamar hoton kansa. A ba kowace ambulan lamba, a kwafe abin da aka rubuta a jikinta cikin littafi, a kuma ɗauki hotonta.

Wajen tsabtacewa a taƙaita. Ƙura ce kawai za a kawar, da ɗan famfon roba na hura iska ko burushi mai taushi ƙwarai. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga, kada a sa sabulu ko fetur ko kananzir. Fim ɗin da ya kanannaɗe kada a miƙe shi da ƙarfi, waɗanda suka manne da juna kuma kada a ɓamɓare su. Garin gyaran gira akan rasa ido. Farantin gilashi a jera shi a tsaye bisa gefensa da takarda a tsakani, kada a ɗora wani a kan wani.

Idan ruwa ya shiga kaya, kada a bari finafinan su bushe a manne. A ɗauraye su a hankali da ruwa mai tsabta mai sanyi, a cire na majigi daga kwalayensu, a rataye su ta gefe a inuwa, cikin kwana biyu kafin fumfuna ta kama.

HANYOYI UKU NA KWAFE FIM ZUWA KWAMFUTA

Ka'idar aikin ɗaya ce: dole haske ya ratso ta bayan fim ɗin ya shiga idon na'ura. Wannan ne dalilin da ya sa injin fotokwafi da sikana ta takardun ofis ba sa yin aikin, domin su daga gaba suke haska abu.

Hanya ta farko ita ce sikana. Akwai wadda aka yi musamman domin fim mai milimita 35, akwai kuma mai shimfiɗaɗɗen gilashi wadda ke da fitila a cikin murfinta, wadda ke ɗaukar manyan finafinai da farantin gilashi. Kafin ƙaramar hukuma ta sayi sikana, a tabbatar tana da wannan fitila ta murfi da maƙallan da ake jera fim a ciki. Waɗansu suna da dabarar share ƙura da wani haske da ido ba ya gani. Tana aiki a fim mai launi, amma a kashe ta idan ana kwafe fim na fari da baƙi, domin azurfar da ke cikinsa tana rikita ta, haka nan ba ta cika dacewa da Kodachrome ba.

Hanya ta biyu ita ce kyamarar zamani mai ruwan tabarau na ɗaukar abu daf da daf. Akan kafa ta a kan mariƙi tana kallon ƙasa, a ɗora fim a kan faranti mai fitar da farin haske, a ɗauka. Ta fi sikana sauri, ba ta cin wuta da yawa, ana iya gudanar da ita da batir ko sola, kuma ana iya ɗaukar kayan a kai su ƙauye, maimakon a kwaso finafinan jama'a zuwa birni. Tana dai bukatar wanda ya ƙware.

Hanya ta uku ita ce wayar hannu. A buɗe farin shafi a fuskar wata wayar, a ɗaga fim ɗin sama da ita kamar faɗin yatsa biyu domin kada ɗige-ɗigen fuskar su fito, a rage hasken ɗaki, a jingina wayar da za ta ɗauka da wani abu don kada ta yi rawa. Akwai manhajojin da ke juya dodo ya koma hoto. Ingancin wannan hanya bai kai na biyun farko ba, amma tana da amfani babba: da ita za a iya ganin abin da ke cikin fim a yau, a nuna wa dattawa, a kuma zaɓi waɗanda suka cancanci a kai su ga babbar na'ura.

MA'AUNI DA NAU'IN FAYIL

Tun da fim ƙarami ne, sai an kwafe shi da ma'auni mai yawa. Ga mai milimita 35, muna ba da shawarar ɗigo 3,000 zuwa 4,000 a kowane inci. A ma'aunin 3,000, hoto ɗaya yakan ƙunshi ɗigo kusan miliyan 12, wanda ya isa a buga shi babba a rataya a bango. Manyan finafinai ba sa bukatar ma'auni mai yawa haka. Ma'aunin 300 da aka saba da shi wajen kwafe takardu ba zai yi ba ko kaɗan, domin abin da zai fito bai wuce girman kan sarki ba.

Kowane hoto a yi masa fayil biyu. Na farko nau'in TIFF, shi ne uwar kwafi, a ajiye shi yadda ya fito daga na'ura ba gyara ba ragi, har da gefen fim ɗin in ya yiwu. Na biyu nau'in JPEG, mai sauƙin nauyi, shi za a gyara wa haske da launi, a tura wa jama'a. Kada a mayar da abin da aka turo ta WhatsApp uwar kwafi, domin yawanci yana rage ingancin hoto.

A yau akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke sa wa tsohon hoto launi ko su ƙara wa fuska kyau. Ya kamata a sani cewa ƙiyasi suke yi. Suna iya sa wa alkyabba launin da ba nata ba, su shafe tsagar fuska, su ƙera ido da hanci waɗanda ba na mai hoton ba. Wanda ya yi haka don nishaɗi, ya bayyana cewa an taɓa hoton, kuma kada ya kusanci uwar kwafi.

Ga lissafi domin masu tsara kasafi. Idan ana da hotuna 3,000, kowanne yana cin minti 4 tsakanin share ƙura da kwafewa da sa lamba, aikin zai ci awa 200, wato kwana 25 na ma'aikaci ɗaya mai yin awa 8 a rana. Hoto mai launi a ma'aunin 3,000 yakan kai megabayit 36, ko 72 idan an zaɓi launi mai zurfi. Ke nan hotuna 3,000 ba za su wuce gigabayit 216 ba, kuma rumbun kwamfuta mai terabayit 1 zai ɗauke su da rara mai yawa.

RUBUTA BAYANI: RABIN AIKIN DA AKE MANTAWA

Hoton da ba a san wanda ke cikinsa ba, ko inda aka ɗauke shi, ko yaushe, amfaninsa kaɗan ne ga tarihi. Wannan sashe na aikin ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki, kuma mutanen karkara sun fi kowa iya yin sa.

A tanadi babban littafi, a ja masa layuka kamar haka: lambar hoto, wurin da aka ɗauka, shekara, sunan mai ɗauka, sunayen waɗanda ke ciki daga dama zuwa hagu tare da sarauta ko sana'arsu, abin da ake yi, wanda ya ba da bayani, da mai kayan. Lambar da ke littafi ita za ta zama sunan fayil a kwamfuta, ita kuma za a rubuta da fensir a bayan ambulan. Kada a yi rubutu a jikin fim.

Daga nan sai a zauna da dattawa, maza a zaure ko ƙofar fada, mata a cikin gida, a nuna musu hotunan ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin mata sukan gane amare da ƙawaye da jarirai, su faɗi sunan zane da yayin da aka yi shi, abin da maza ba za su iya ba. In sun yarda, a naɗi muryarsu a waya. Idan mutum biyu suka saɓa a kan wata fuska, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowanne.

Dattijo ba lalle ya tuna shekara da lamba ba, amma yakan tuna abin da ya faru. Waɗannan za su taimaka wajen ƙiyasi: yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, komawar tuƙin mota hannun dama a 1972, zuwan naira da kwabo a 1973, wadda kuma shekarar babban fari ce, fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, canjin kuɗi na 1984. Zamanin sarki ko hakimin da ke kan gado ma ma'auni ne mai kyau. Inda aka yi ƙiyasi, a rubuta "wajen shekara kaza", kada a mayar da zato tabbas.

ADANA KWAFI DA ADANA ASALI

Shigar da hoto kwamfuta ba ya nufin ya tsira har abada. Rumbun kwamfuta yana mutuwa ba sanarwa, waya tana ɓata, faifan sidi yana kankarewa, filashi da memori kuma ba a yi su don doguwar ajiya ba. Ka'idar da masana suka yarda da ita ita ce a yi kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a ajiye shi a wani gini ko wani gari dabam. A riƙa buɗe su ana dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma sauya rumbu bayan kamar shekara biyar. A ofis, wannan ajiya ta shiga cikin takardar miƙa aiki, domin kada canjin wurin aiki na ma'aikaci ɗaya ya tafi da tarihin gunduma guda a cikin kwamfutarsa.

Haka kuma kada a zubar da fim bayan an kwafe shi. Shi ne shaida ta asali, kuma na'urorin gobe za su iya fitar da abin da na yau suka kasa. A cire masa robar ɗaure kuɗi da ƙusar takarda da salatif, a sa shi cikin ambulan ta farar takarda mai tsabta, a jera cikin kwali. A ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, kamar ɗakin soro mai kaurin bango, a kan kanta nesa da ƙasa da bango saboda gara da ruwa. Sanyin firiji yana tsawaita ran fim, amma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa gumin da ke taruwa a kansa ya fi zafin illa, don haka ba mu ba da shawarar firijin gida ba.

HAƘƘI DA MUTUNCI

Fim dukiyar mai shi ne. Jami'in da ya karɓi kayan wani gida ya ba da takardar shaida mai nuna yawansu da ranar mayarwa, ya kuma mayar da su tare da kwafi kyauta. A ƙa'ida, haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne ko magadansa, ko hukumar da ya yi wa aiki, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga hotuna. Saboda haka a nemi izini a rubuce kafin a buga, a kuma ambaci sunan mai ɗauka. Iyalan tsofaffin masu hoto su yi shawara kafin su sayar da finafinansu ga dillalai.

Ba kuma kowane hoto ne na idon jama'a ba. Hotunan matan aure a cikin gida, da na marasa lafiya a asibiti, da na waɗanda ake tuhuma a kotu, ana iya kwafe su a adana, amma kada a sa su a intanet sai da yardar iyalansu. Abin da ya shiga intanet ba ya dawowa.

AN YI A WASU WURARE

Wannan aiki ba sabo ba ne a Afirka ta Yamma. A ƙasar Mali, Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka tare da masana na Bamako sun tsabtace sun kuma kwafe dodon hoto kimanin 100,000 na masu hoto biyar, cikinsu har da Malick Sidibé, wanda ya sami babbar lambar yabo a bikin fasaha na Venice a 2007. Yawancin abin da ke ciki hotunan talakawa ne na biki da suna da salla. A nan gida, finafinai da farantan gilashin Cif S. O. Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin wanda ya rasu a 1994, an adana su a gidan tarihin Smithsonian da ke Washington, an kuma nuna hotunan a birnin Benin a 2017. Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 na tallafa wa ceto kayan tarihi da ke cikin hatsari, inda ake kwafe su a bar asalin a ƙasarsa.

Masu neman shawara suna iya tuntuɓar Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, ko Gidan Arewa da ke Kaduna wanda aka kafa a 1970 kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen tarihi da ɗakin karatu na jami'a mafi kusa.

KAMMALAWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su sa a binciki ɗakunan ajiya na sassan yaɗa labarai da gona da ilimi, a ƙidaya abin da ke akwai, a ɗora alhakinsa a wuyan jami'i guda sananne. Muna roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a cewa kada a ƙone ko a zubar da tsohon fim, su kuma taimaka wajen tara dattawa. Shugabannin makarantu suna iya sa ɗalibai su riƙe littafin bayani, su koyi tarihin garinsu daga bakin kakanninsu.

Ga magidanci kuwa, abin da ake bukata a wannan mako ba shi da yawa: ya buɗe adakar ya sansana, ya ware masu warin tsami, ya ɗauke sauran daga ƙarƙashin kwano zuwa ɗaki mai sanyi, ya ɗaga su a haske ya ga abin da ke ciki, sa'an nan ya ɗauki littafi da fensir ya tafi wurin wanda ya fi kowa shekaru a gidan. Na'ura tana iya zuwa baɗi, amma tambayar dattijo ba ta jiran baɗi. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Amin.